Irin da Ɗantani Ya Bari

Balaraba ta shiga damina ta biyu ke nan ba ta ji muryar mijinta ba.

Ɗantani ya tafi cirani kurmi ne tare da wasu samarin Dangora, a bayan babbar mota mai ɗaukar masara. Da farko yana kira a kai a kai. Ya ma zo ƙaramar salla, ya rame ya yi duhu, tafin hannunsa duk kanta. Da ta tambaye shi wane irin aiki suke yi a can, sai ya ce noma ne, noma dai irin wanda kowa ya sani. Bai daɗe ba ya koma. Watanni kaɗan bayan haka wayarsa ta daina shiga. Duk ranar da Balaraba ta karɓo tata daga wurin mai caji sai ta gwada lambar, matar nan ta cikin waya ta ba ta amsar da ta saba, ita kuma ta saurara har ƙarshe kamar wata rana za ta faɗi wani abu daban.

A gidan uwar mijinta take zaune, Inna Turai, tsohuwar da yanar ido ta kusa rufe wa gani. Su uku ne a gidan har da Bushra, 'yar da Ɗantani ya bari tana rarrafe, yanzu kuwa ba kazar da ta huta da gudunta. Gidan shi ne na ƙarshe a unguwar, daga dangarsa sai gonaki. Surfe Balaraba take yi wa maƙwabta, a ba ta ɗan abin da ya samu a bar mata dusa. Ƙanen Ɗantani da ke Yako yakan aiko da hatsi in ya samu hali. Haka ake ta lallaɓawa.

Washegarin ruwan shuka rana ta fito, sai ta kwaso kayan Ɗantani ta shanya saboda danshin ɗaki. A aljihun wata rigar sanyi da ya zo da ita da salla ta ji wani ƙulli. Leda ce an ɗaure bakinta tamau, a ciki iri ne, ƙanana zagayayyu, masu ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabuwa. Ba ta taɓa ganin irinsa ba. Nan ta tuna wata magana da ya yi mata ana gobe zai koma, yana kwance a tabarma yana wasa da ƙafar Bushra.

"Akwai abin da na taho da shi," ya ce. "In na dawo zan gwada shi a nan bayan gida. In Allah ya sa ya karɓa, ni da kurmi sai labari."

Ta tambaye shi mene ne, ya yi dariya ya ce za ta gani.

Balaraba 'yar masunta ce daga Tiga. Ta san kifi tun daga tarwaɗa har ragon ruwa, ta iya bandarsa, ta iya ɗinke koma in ta yage, amma ba ta taɓa shuka ko yakuwa da hannunta ba. Ta ɗauka ganyen miya ne na mutanen kurmi, irin wanda ta ji ana saye da tsada a birni. Abin da ya zo mata a rai kawai shi ne ya dawo ya tarar da abinsa ya girma. Ta ɗauki tsohuwar fartanyarsa ta zaga bayan rumbu, inda wani ɗan fili yake tsakanin rumbun da danga, ta tona ramuka yadda take ganin ana yi wa kuɓewa, ta zuba ta rufe da diddige.

Ba duka suka fito ba, amma waɗanda suka fito sun ishe ta murna. Ganyen farko bai nuna komai ba. Daga baya ya fara rabuwa kamar yatsun hannu, ya yi kama da na rama, sai dai gefensa da zarto-zarto. Kowace safiya kafin ta ɗora koko sai ta leƙa su.

Murnar ba ta daɗe ba. Tsiron ya tsaya cak, karan siriri kamar tsintsiya, ganyen ƙasa ya fara komawa ruwan ɗorawa yana zubewa. Ta ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Da ta rasa yadda za ta yi sai ta samu Inna tana jan carbi a gindin darbejiya.

"Inna, wai in shuka ta yi ɗorawa ta ƙi girma, me take so?"

"A ina kika shuka?"

"Bayan rumbu. Ɗan ganyen miya ne."

"Yunwa take ji," in ji Inna. "Wurin nan jigawa ce, tun marigayi maigidan nan yana da rai ba ta taɓa ba mu abin kirki ba. Shuka ma kamar yaro ce, in ba ta ci ba ba ta tashi."

Balaraba ta sa wata maƙwabciya ta tambayo mata mijinta kuɗin takin zamani. Da aka faɗa mata sai ta haƙura. Shekarar ce da manya-manyan manoma ma suke haɗa hannu su sayi buhu su raba. Ita da abin surfenta ko gwangwani ba za ta iya ba, in ba a gidan za a kwana da yunwa ba.

Sai ta duba abin da yake hannunta. Ta share akurkin kaji, ta kwashe kashin ɗanyensa ta jibga a gindin kowace shuka, tana ganin yawan shi ne alheri. Kafin kwana biyu bakin ganyen ya ƙone ya nannaɗe, wasu suka kwanta ba su ƙara tashi ba. Ta tsuguna a wurin ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da wayar ta fara ƙin shiga. Bushra ta zo ta tsaya a kanta tana kallo, ta miƙo mata guntun rogon da take ci.

Wadda ta cece ta Salamatu ce, Bafulatanar da ke kawo nono daga wata ruga ta hanyar Yako. Ta sauke ƙwaryarta ta ga idon Balaraba a kumbure, ta tambaya. Da ta ji sai ta riƙe baki.

"Ɗanyen kashin kaza? Ai wuta kika zuba musu. Taki sai ya tsufa ya huce, kamar fura ce, ba a sha da zafinta. Mu muna da na shanu tun na rani, ya bushe ya zama gari. Amma nisa."

"In kin kawo mini, ni kuma in tara miki dusa."

Haka suka ƙulla. Duk zuwan Salamatu sai ta ɗoro ƙullin busasshen taki a kan ƙwaryar da ta rufe da faifai, ta koma da dusar shanunta. Ba ta taɓa zagawa bayan rumbu ba, ba ta kuma tambaya ba. Balaraba ta koyi murmushe takin ta cakuɗa da ƙasa nesa kaɗan da gindi. Ta riƙa barbaɗa tokar murhu, tana tara ruwan da ta wanke hatsi a tsohon daro ta kai musu. Abin da duk za a zubar a gidan sai ta tsaya ta yi tunanin ko zai amfane su. Wani ya yi amfani, wani bai yi ba. Sannu a hankali sabon ganye ya fito kore shar, karan ya yi kauri, shukar ta kai mata gwiwa, ta kai ƙugu.

Wata la'asar tana cire ciyawa hannunta ya goge ganyen, ta kai hannun fuska za ta share gumi, sai ta tsaya. Wani wari ne mai ƙarfi, ba daɗi ba kuma ba ɗoyi ba, ta kuwa san shi. Shi ne warin da ta ji a jikin Ɗantani da kayansa lokacin da ya zo salla, wanda ta wanke ta wanke bai fita ba, har ta ce masa ko dajin nasu haka yake wari. Ta zauna a ƙasa ta jingina da rumbu, ta murza ganye ɗaya a tafin hannu ta rufe ido. Tun daga ranar, in ta gama aikin gida, can take tafiya. Takan zauna ta faɗi abin da ya faru a yinin a hankali, wa ya haihu, wa ya rasu, wace sabuwar kalma Bushra ta iya. Ta san shuka ba ta ji. Amma a duk gidan nan ne kaɗai maganar take fita.

Da shukar ta kusa kai mata kafaɗa sai ganyen ƙasa ya sake yin fari-fari, takin Salamatu kuma ya ƙare don shanun sun yi gaba. Ta kira yayanta Mujitaba, wanda ke noman rani a bakin dam ɗin Tiga, ta roƙe shi ko ɗan cikin hannu na takin zamani in ya rage masa.

Ya zo ranar wata Asabar a kan babur, da ƙullin bandar kifi da ɗan taki a baƙar leda. Ya durƙusa ya gaida Inna, suka taɓa hirar damina, sannan ya ce, "To ina gonar taki da aka tashe ni tun daga Tiga saboda ita?"

Ta wuce gaba tana murmushi. Da suka zaga bayan rumbu sai ta ji takunsa ya tsaya. Ta juyo ta ga fuskarsa ta sauya.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Balaraba, wa ya ba ki wannan?"

"A aljihun Baban Bushra na samu. Ganyen miyar kurmi ne, ko?"

Ya leƙa ta kan danga hagu da dama, sannan ya matso ya rage murya.

"Wiwi ce. Tabar wiwi kike nomawa a gidan surukarki."

Ta san sunan, ta san samarin tasha masu jan ido da ake cewa suna sha, amma ba ta taɓa ganin abin a tsaye da ganyensa ba. Ta dubi shukar da ta yi wa wahala duk daminar nan.

Mujitaba ya naɗe hannun riga ya kama kara ɗaya zai tumɓuke. Ba ta san lokacin da ta shiga tsakani ta riƙe masa hannu ba.

"Yaya, don Allah."

"Don Allah me? Kin san in hukuma ta ga wannan ba ke kaɗai za a ɗauka ba? Har tsohuwar nan sai ta amsa tambaya. Yarinyar kuma ki bar wa wa?"

"Na ji. Zan cire da hannuna. Amma ka bari in san abin da ya same shi tukuna. Duk wanda na tambaya sai ya ce bai sani ba. Wannan ne kaɗai abin da ya bar mini da ya faɗi wani abu a kansa."

Ya saki karan. Sannan ya cusa ledar takin a aljihu.

"Takina dai ba zai shiga nan ba," ya ce. Ya sauke hannun rigarsa. "Akwai Bature, wanda suka tafi tare. An ce ya dawo, yana sayar da rake a kasuwar Tudun Wada, bai yarda ya tako Dangora ba. In Inna ta yarda, ranar kasuwa zan zo in kai ki."

Inna ba ta hana ba. Ta ce kawai a bar mata Bushra.

Sun samu Bature a bakin titi, a bayan tulin rake, yana fere wa wani direba. Da ya ga Balaraba wuƙar ta kusa faɗuwa daga hannunsa. Ya gaishe su yana kallon ƙasa, ya jawo musu benci, ya shiga kame-kame, wai sun rabu da Ɗantani tun da daɗewa, kowa ya kama gabansa.

"Malam Bature," Balaraba ta ce, "na san irin noman da kuke yi. Ba tona maka asiri na zo yi ba. Ka faɗa mini yana raye ko ba ya raye."

Ya ajiye wuƙar ya zauna a kan dutse.

"Wallahi Maman Bushra, ban sani ba. Da na sani da na zo."

Sai ya ba su labari. Wani ɗan kwangila ne ya ɗauke su da sunan aikin gonar koko. Da aka shiga da su can cikin daji, tafiyar da ba mai iya komowa shi kaɗai, sai suka tarar da abin da ake nomawa. Wasu sun so gudu, ba hanya. Daga baya kuma da aka fara biyansu sai kowa ya yi shiru. A bukkar leda suke kwana, sauro da macizai, mai gonar ko fuskarsa ba su taɓa gani ba. Wata safiya suna cikin aiki jami'an hana fataucin ƙwaya suka zagaye wurin. Kowa ya ranta a na kare. Shi Bature ya faɗa wani rafi ya bi ruwa, Ɗantani ya yi wajen tudu. Ganinsa na ƙarshe ke nan.

"Ban ji harbi a ɓangarensa ba," ya ce. "Wannan zan iya rantse miki. Ko an kama shi, ko ya ɓace a dajin, Allah ne masani."

"Yana sha?" ta tambaya.

"Ko sau ɗaya. Mu har tsiya muke masa. Shi maganarsa kullum ɗaya ce, gida. Ya ce ya gaji da ganin 'yarsa a waya. Wai zai ɗan shuka kaɗan a bayan gida, shekara ɗaya tak, ya sayi babur ya riƙa haya tsakanin Dangora da Kwana, can bakin babban titi, ya kwana a ɗakinsa kullum. Na ce masa wannan ba dabara ba ce, abin da ya kawo mu daji shi zai kai ka inda ba ka so. Ya ce shi dai ya gaji."

Ya ɗaure musu rake ya ce a kai wa yarinya. A hanyar dawowa Balaraba tana zaune a bayan babur. Iska tana dukan fuskarta, gonakin masara suna wucewa, ita kuwa tana ta jujjuya maganar: ya kwana a ɗakinsa kullum. Da Mujitaba ya sauke ta ya ce, "Kin ji dai. Yau ki cire." Ta ce to.

Ba ta cire ba. Ta ce gobe, goben ta zo ta ce jibi. Maimakon haka sai ta samo tsohuwar zana ta ƙara wa dangar tsawo. Ta ci gaba da kai tokar murhu da ruwan hatsi, yanzu a ɓoye, tana waige. In ta idar da salla ta ɗaga hannu sai ta ji nauyi, ta roƙi Allah ya dawo da shi, ta roƙi gafara, ta tashi kuma ta ɗauki daro. Ta san haram take reno. Ta kuma san ba sayarwa za ta yi ba, ba ta ma san me za ta yi da shi ba in ya isa. Abin da ta kasa shi ne ta sa hannu ta kashe abin da ya ɗora wa burinsa na zama a gida, ko da burin karkatacce ne.

Shukar ta wuce ta tsawo. In aka yi ruwa aka ɗauke, warin yakan cika tsakar gida.

Wata rana da hantsi ta dawo daga kai surfe ba ta ga Inna a gindin darbejiya ba. Ta duba ɗaki, ba ta nan. Da ta zaga sai ta same ta zaune a kan turmi a jikin rumbu, sandarta a gefe, fuskarta a ɗage wajen shukar. Balaraba ta tsaya kamar an dasa ta.

"Ƙaraso mana," in ji Inna. "Idona ne ya tafi, hancina yana nan."

"Inna, ku yafe mini. Wallahi da na shuka ban san..."

"Na san ba ki sani ba. Ni ma ban san sunansa ba sai da na ji yayanki yana salati. Amma warin na san shi tun ranar da yaron nan ya durƙusa gabana da salla na dafa kansa." Ta murza carbi. "In kin fita nakan lallaɓo in zauna a nan. Kin ga ni ma ban fi ki ba."

Balaraba ta durƙusa a gabanta, hawaye yana zuba. Tsohuwar ta lalubo kanta ta dafa.

"Amma ba zai zauna ba, 'yar nan. Abin da ya raba ni da ɗana ba zan bari ya raba ni da ke ba. Ki ba zuciyarki haƙuri, ki zaɓi rana."

Ba ita ta zaɓi ranar ba. Bayan 'yan kwanaki Bushra ta fita ƙofar gida wasan girki da yaran maƙwabta, da gwangwanaye da tuwon ƙasa. Can sai aka yi sallama. Balaraba ta yafa mayafi ta leƙa zaure, ta ga Munir, wani saurayi da ke lodi a tasha, yana tsaye da ganye a hannu yana juya shi. A bayansa ga Bushra da gwangwaninta cike da yagaggen ganyen, wai miya ta yi.

"Sannu da gida, Maman Bushra," ya ce yana murmushi. "Na ga miyar 'yar taki ce. In akwai saura a ciki, ni mai saye ne. Ba mai ji, ba mai gani."

"Rama ce," ta ce.

"To, in ramar ta isa yanka dai a tuna da ni."

Ya tafi yana shinshina ganyen. Ta fizgo Bushra ta zubar da gwangwanin, ta wanke mata hannu da sabulu har yarinyar ta fara kuka, ta buɗe mata baki ta duba ko ta ci. Ba ta ci ba. Ta kai ta ta ajiye a cinyar Inna, ta ɗauki fartanya.

Saiwar ta kama ƙasa sosai, ƙasar da ita ta gyara da hannunta. Sai da ta yi ta sara tana ja kafin kowanne ya fita. Ba ta ƙona ba don kada hayaƙin ya tara mata jama'a. Ta daddatse su ƙanana ta zuba a tsohon masai da aka daina shiga, ta bi da ƙasa da toka. Ta share wurin tas, ta tsince ko ɗan ganyen da ya faɗi. Kafin la'asar ba abin da ya rage a bayan rumbu sai ramuka. Hannunta ya yi kwana biyu yana warin, daga nan shi ma ya tafi.

Da Munir ya sake zuwa ta ce awaki sun shiga sun cinye ramar. Ya leƙa ta kan danga ya ga fili, ya yi tsaki ya wuce.

Sauran daminar ta yi mata tsawo. La'asar ta zama lokacin da ba ta san inda za ta sa kanta ba. Wani lokaci sai ta samu kanta riƙe da daron ruwan hatsi a tsakar gida, ta tsaya, sannan ta zuba wa kaji.

An gama yankan dawa ana ɗaure kara, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Wani dattijo ya yi sallama da Hausar da ta sha zaman kudu, ya tambaya ko ita ce Balaraba ta Dangora. Ya ce shi malami ne, yakan shiga wani gidan yari a can yana karantar da musulmin da ke ciki, an ba shi izini ya haɗa wani da iyalinsa na ɗan lokaci kaɗan.

Sai ta ji numfashi, sannan muryar.

"Balaraba."

Ta zauna a bakin murhu. Ta yi shekara da watanni tana tara abin da za ta faɗa masa, na faɗa da na kuka da na labari. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Kana cin abinci?"

"Ina ci," ya ce. "Ina ci. An yanke mini hukunci, da saura, amma ba mai yawa ba ne in Allah ya so. Kunya ce ta hana ni neman a kira ku tun tuni. Malam ne ya matsa mini. Inna fa? Tana nan?"

Ta kai wa Inna wayar ta riƙe mata a kunne. Tsohuwar ba ta iya cewa komai ba sai "Alhamdu lillahi", ta faɗa ta sake faɗa, sannan ta ce, "Ka riƙe salla," ta ture wayar don kada ya ji kukanta.

"Ba ni Bushra," ya ce. "Ko kalma ɗaya."

Balaraba ta jawo yarinyar ta ce, "Ga Babanki, gaishe shi." Bushra ta dubi wayar, ta ji muryar namiji da ba ta sani ba yana kiran sunanta, sai ta noƙe kafaɗa ta ɓuya a bayan uwarta. Aka yi lallashi, aka yi alkawarin alewa, ta ƙi. Ɗantani ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce a ƙyale ta, ai tana da gaskiya. Daga nan dattijon ya karɓa ya ce lokaci ya cika, amma in an yarda masa zai sake haɗa su wata Juma'ar. Layin ya katse.

Balaraba ta zauna da wayar a cinya. Inna tana ta share ido da bakin zane. Can Bushra ta fito daga maɓoyarta, ta ɗauki wayar da hannu biyu ta kara a kunne a juye.

"Ina wuni," ta ce. Ta saurara. Ta dubi uwarta. "Ya tafi."

"Zai sake kira," in ji Balaraba. Ta karɓi wayar ta duba sauran cajin, ta kashe ta don ya kai Juma'a, sannan ta tashi ta hura wuta.